Baƙin Gilashin Zaidu Injiniya

Ku gyara zama, don labarin Zaidu ba a jin sa a tsaye.

A unguwar Abbare ta garin Jalingo Zaidu yake zaune. Masinja ne a wata ma'aikata, amma duk unguwa Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, tun ranar da ya kwance fankar masallaci zai gyara, ya mayar da ita, ta dawo tana juyawa da baya. Da masallata suka yi ƙorafi sai ya ce ai haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, ba iska take bayarwa ba, zafin take kwashewa.

Yana da wata tsohuwar mota wadda babu mai iya rantsuwa a kan asalin launinta. Salansarta ta daɗe da fashewa, in ta taso daga bakin titi kajin unguwa watsewa suke yi. In kuwa ya kuskura ya ɗaga ƙafa daga totur ta mutu, to sai an tara maza an tura. Abu guda ne lafiyayye a jikinta, gilasanta, garau kamar ruwan randa.

Kullum da la'asar masu motocin layin kan zauna a gindin mangwaron ƙofar gidan Solomon, wani malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsa da Zaidu. Ranar da abin ya faro, hirar gilashi ake yi.

Solomon ya ce, "Ni nawa da an fara yayyafi sai ya yi gumi ta ciki. Jiya da hular kaina na dinga gogewa tun daga Yelwa har gida."

Madam Cecilia, wata nas da ke ƙarshen layi, ta ce, "Kai naka da sauƙi. Ni waifa, abin share ruwan saman nan, ta kakkarce nawa. Da safe in na fuskanci rana ba na ganin komai sai fari fat. Shekaranjiya na tsaya na gaida randar wanke hannu, har na tambaye ta iyali, na ɗauka maigadinmu ne."

Aka yi dariya. Zaidu bai yi ba. Ya girgiza kai irin na wanda ke tausayin jahilai.

"Duk ba ku san ciwon ba, shi ya sa ba ku san maganin ba," in ji shi. "Haske ne. Haske ke kashe gani."

"Haske kuma?"

"Solomon, wanda ke cikin ɗaki mai duhu, yana ganin na tsakar gida ko ba ya gani?"

"Yana gani."

"Na tsakar gida fa, yana ganin na ɗaki?"

"Ba ya gani."

"To ka ji! Iyakar duhunka, iyakar ganinka. Kuna tsammani manya ɓuya suke yi a bayan baƙin gilashi? Gani suke ƙarawa."

Solomon ya ce, "In haka ne, Injiniya, ai na cikin kabari ya fi kowa gani."

"Ka taɓa jin ya yi karo da wani?" in ji Zaidu.

To, a wannan makon ne matarsa Balaraba ta haihu, namiji, bayan mata biyu, Khairiyya da ƙanwarta. Zaidu ya yi shela cewa sunan mahaifinta zai sa wa yaron, wato Alhaji Sani na Mutum Biyu. Akwai dalili. Alhaji Sani bai taɓa ɗaukar Zaidu da nauyi ba. Tun ranar ɗaurin aure ya ce da 'yan'uwansa, "Yaron ba shi da mugun hali, amma ganga ce, ƙara a waje, ciki fayau." Maganar ta zaga ta dawo kunnen Zaidu, shekara tara tana ci masa rai. Yanzu ga dama ta samu. Alhaji ya ce zai biyo motar farko ranar suna, a tare shi a bakin tasha. Liman kuma ya ce ƙarfe takwas daidai zai yi addu'a, don yana da wani sunan a unguwar Turaki.

Balaraba ta ce, "Baban Khairiyya, ka roƙi Solomon ya je ya ɗauko Baba. Motarsa ba ta mutuwa."

Zaidu ya dafe ƙirji. "Surukina, a motar maƙwabci? Ina raye?"

"To ka je a keke."

"A keke! Balaraba, mahaifinki zai shigo unguwar nan a bayan baƙin gilashi, kamar kwamishina. Zai sauko ya dube ni ya ce, ashe gangar nan da abu a cikinta."

Ta gyara wa jaririn kwanciya, ta ce, "Ni dai ka kawo min ubana kafin takwas. In Baba ya yi fushi ya ce bai yarda a sa sunansa ba, kai za ka fita ka gaya wa mutane, ba ni ba."

Ran jajibirin suna, da hantsi, Zaidu ya dawo daga kasuwa da naɗin baƙar ledar gilashi a kafaɗa. Mai shagon ya ce ya kawo motar a manna masa, ya ce shi da yake koya wa masu mannawa. Ya jiƙa gilasai da ruwan omo, ya shimfiɗa leda, ya bi ta da murfin kwano yana lailayawa. Da ya gama, ledar ta yi ƙuraje ko'ina.

Madam Cecilia za ta wuce aiki ta tsaya. "Injiniya, motarka ta kamu da ƙyanda. Ka kawo ta a yi mata allura."

"Numfashi take yi," in ji shi. Ya ɗauko allurar ɗinki ya bi ƙurajen ɗaya bayan ɗaya yana fasawa.

Sannan ya shiga ya rufe ƙofa, ya ƙwala wa Solomon kira. "Kana ganina?"

Solomon ya leƙo ta kan katanga. "Ina ganinka. Har goron da ke kuncinka."

Zaidu ya fito ya ƙara leda ta biyu a kan ta farko. Ya koma ciki. "Yanzu fa?"

"In ka yi magana ina ganin haƙoranka."

Ya ƙara ta uku. Leda ta ƙare, ga gilashin gaba ko taɓa shi bai yi ba. Wani zai ce ai na gaba dama ba a rufe shi. Zaidu ya ce ta nan ne ma haske ya fi shigowa. Ya tuna da ragowar baƙin fentin da ya shafa wa ƙyauren gida bara. Ya ɗauko gwangwanin, ya shafe gilashin gaba tas, ya ga fenti ya ragu, ya bi sauran gilasan ya ƙara musu a kan ledar, don kada wani ya fi wani.

Ya shiga ya rufe. "Solomon! Kana ganina?"

"Ko alama."

"Alhamdu lillahi!"

"Kai fa, kana ganina?"

Aka ji motsi a cikin motar. Can murya ta fito. "Ido ne bai gama sabawa ba."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Uku."

"Hannuna na cikin aljihu, Injiniya."

Zaidu ya laluba ya fito, ya ɗauko reza, ya kankare wata 'yar kafa a gilashin gaba, daidai saitin idonsa na dama, faɗinta bai wuce ƙwayar goro ba. Ya ce wannan ta wucin gadi ce, kafin ido ya saba. Da ya je sauke gilashin gefe ya sha iska sai ya tarar fenti ya gangara cikin ramin ya kama. Ya murɗa, ya murɗa, ko motsi. Ya ce dama manya ba sa sauke gilashi.

Ragon suna na ɗaure a kan tudun yashi kusa da motar, fari sol, Zaidu ya kwana biyu yana nuna shi ga duk mai wucewa. Ragon ya ɗaga kai, ya hangi wani rago a cikin sheƙin fentin yana harararsa. Ya ja da baya iyakar igiya, ya zabura, ji kake gwaf! Gilashin baya ya tsage kamar gizo ya yi saƙa, amma ledar ta riƙe shi bai zube ba. Ragon ya koma gefe da baƙin goshi da baƙaƙen ƙahoni.

Balaraba ta leƙo ta taga. "Ragon da na gani jiya fari ne. Wannan na waye?"

"Shi ne. Ado na yi masa," in ji Zaidu, yana shafe tsagar da sauran fenti.

Da yamma ya kira Alhaji Sani a waya. Ya durƙusa a tsakar gida, ko da yake ba ganinsa ake yi ba, ya ce, "Baba, gobe in kun sauka ku tsaya a gindin bishiyar bakin tasha. Mota mai baƙin gilashi za ta zo, irin ta manya. Ba sai kun yi komai ba, ku buɗe baya kawai ku shiga."

Alhaji ya ce, "To."

Washegari da sassafe, masu kafa rumfa da masu jera kujeru suka tura masa motar. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Zaidu ya manna idonsa na dama a kafar nan, ya rufe na hagu, ya hau titi.

Duniyar da yake gani ba ta fi bakin kwalba ba. Wani lokaci wutsiyar saniya ce, wani lokaci rabin lambar wata mota, wani lokaci sama kawai. A kwanar farko ya bi ta kan barkonon da Madam Rose mai abinci ta shanya a gefen hanya, ya ja buhun shanyar a ƙarƙashin mota har bakin titi. Ta biyo shi da ludayi tana ihu. Ƙarar salansa ta haɗiye kalmomin, ihun kawai ya iso masa.

"An fara," in ji Zaidu, yana murmushi. Ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa a cikin duhu.

A shataletale ya zaga sau huɗu, don duk sanda hanyar fita ta zo ba ta biyowa ta saitin kafar. Masu keke suka yi ta danna hon, wani direban tifa ya leƙo yana tambaya ko makaho ne ke tuƙi. Zaidu ya ji hayaniyar ta ko'ina, ya ce a ransa, ashe haka manya ke ji, shi ya sa ba sa son sauka daga mulki.

A gindin bishiyar bakin tasha kuwa tsofaffi biyu ne ke tsaye, kowanne da farar riga. Ɗaya Alhaji Sani ne. Ɗayan wani manomin doya ne daga Zing, ana ce da shi Baba Tobiya, ya zo ganin 'yarsa Dinatu da ke aikin ofis, ta ce masa ya jira a nan za ta turo motar wurin aikinsu. Yana riƙe da zakara a hammata, ga doya uku a ɗaure a gabansa. Tsofaffin sun gaisa, Alhaji ya fasa goro ya ba shi rabi, suna ta hirar damina.

Sai ga wani abu baƙi ƙirin ya taho yana hayaƙi, da guntun buhu yana ja a ƙasa. Zaidu ya hango farin yadi ta kafarsa, ya taka birki da ƙafar hagu, ta dama na kan totur, ya danna hon.

Alhaji Sani ko kallo bai yi mata ba. An ce masa mota irin ta manya, don haka can bayanta yake hange. Baba Tobiya kuwa ya ce, "To, motar ofis ya zo. Motar gwamnati duka haka yake, ba mai kula da shi." Ya yi wa abokin hirarsa sallama, ya buɗe baya, ya tura doya, ya shiga da zakaransa, ya ja ƙofa.

Fita ba ta yiwuwa ga Zaidu, in ya ɗaga ƙafa mota ta mutu. Waiwaye kuma ba ya yiwuwa, don ɗan mutunci ba ya zuba wa surukinsa ido. Ko da ma ya waiwaya, cikin motar ya fi cikin rumbu duhu. Sai ya sunkuyar da kai har goshinsa na taɓa sitiyari, ya ɗaga murya sama da ƙarar salansa.

"Baba, barka da hanya! An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya, yaro," aka amsa daga baya.

A waje, Alhaji Sani ya ji muryar da ko a mafarki ya san ta. Ya dubi motar da kyau, ya gane ta, ga ƙofarta guda a ɗaure da waya. Ya zagayo ya ƙwanƙwasa gilashin direba da zobensa.

Zaidu ya ji ƙwanƙwasa, bai ga kowa ba. Ya ce lallai masu roƙon tasha ne sun ga motar manya. Ya gyara murya.

"Allah ya ba da haƙuri, tsoho! Gaba dai!"

Aka ƙara ƙwanƙwasawa da ƙarfi.

"Kai, wane irin naci ne wannan? Ba ka ga babban mutum na ɗauko ba? Da girmanka da komai, ka je ka nemi sana'a mana!"

"Kai Zaidu!" in ji Alhaji.

Zaidu ya yi dariya, ya ce da na bayansa, "Kun ji ko, Baba? Har maroƙan tasha sun san sunana." Ya saki birki, ya bar surukinsa a tsaye cikin hayaƙi.

Baba Tobiya tun asuba yake kan hanya. Ga duhu, ga ɗumi, ga jijjiga. Kafin a kai shataletale barci ya kwashe shi. Zakaran ma ya ga dare ya yi, ya cusa kai cikin fiffike. Zaidu ya ji shiru, ya ce kwarjinin motar ne ya kama Alhaji. Sai ya shiga ba da labari: yadda shugaban ma'aikatarsu ba ya sa hannu a takarda sai ya tambaye shi, yadda masu gyaran mota na Jalingo ke ɓuya in sun hango shi don kada ya kama su da kuskure. Can ya ji wani gurnani a hankali daga baya, yana hawa yana sauka. Ya rage murya. Bawan Allah, in ji shi a ransa, ko a mota ba ya barin wuridi.

Rana ta ɗaga. Gilasai a rufe, baƙin fenti na shan zafi, motar ta koma tanda. Gumi ya dinga gangarowa cikin idon nan guda da yake aiki da shi. Numfashinsa kuma ya sa 'yar kafar ta yi raɓa ta ciki. In ya goge da yatsa ya ga hanya, kafin ya ƙifta ta sake rufewa. A haka ya wuce kwanar Abbare bai sani ba, ya faɗa Yelwa. Ya bi bayan wani abu ja yana tsammani motar da ta san hanya ce, ashe mai tura baro ne da jan bokiti, ya raka shi har bakin rijiyar burtsatse. Ya yi baya, ya ji ƙaras, ya yi gaba, ya ji wata mata na kiran sunan Yesu. Ya ce, "Na gode, na gode," ya ɗaga hannu.

Alhaji Sani kuwa tuni ya tari keke, ya faɗi sunan unguwa, cikin 'yan mintoci aka sauke shi a ƙofar gidan. Jama'a suka miƙe ana gaisawa, aka ba shi kujerar gaba kusa da Liman. Solomon ya matso ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina Injiniyan? Ba tare kuke ba?"

"Ya tafi ɗauko ni," in ji Alhaji.

Liman ya duba agogo. "Takwas ta gota, Alhaji. Tunda kun iso, ko mu yi addu'a?"

"A'a, Malam, a ɗan dakata. Ina hanya. Bari mu ga isowata."

Ba a daɗe ba aka ji ƙarar salansa daga bakin layi. Motar ta shigo tana tangaɗi kamar mai jin barci, da ganyen ayaba a kan bonet da igiyar shanyar wani gida a maƙale da madubi, har da ɗan zane a jiki. Jama'a suka dare. Ta shafi kujeru uku, ta daki ƙafar rumfa, rumfar ta durƙusa ta gefe guda a kan masu rabon goro, sannan ta yi tari ta mutu.

Zaidu ya fito jiƙe sharkaf, ido ɗaya ja, ɗaya a rufe, da zoben baƙin fenti kewaye da na daman. Haske ya kashe masa gani, bai tsaya duba kowa ba. Ya buɗe hannuwa.

"A ba da hanya! Jama'a a ba da hanya! Ga surukina Alhaji Sani, daga Mutum Biyu har ƙofar gida, rana ba ta taɓa shi ba, ƙura ba ta taɓa shi ba, idon mahassada bai gan shi ba! Solomon, kana ina? Zo ka ga aikin ilimi!"

"Ina gani," in ji Solomon. "Wallahi ina gani."

Zaidu ya zagaya ƙofar baya, ya durƙusa har ƙasa, ya kafe idonsa a kan takalmansa, ya miƙa hannu ya buɗe.

Haske ya faɗa cikin motar. Zakara ya ga gari ya waye farat ɗaya, ya yi tsalle ya dira a kan hular Zaidu, ya buɗe fukafukai ya yi cara. Doya guda ta gangaro ta faɗo. Sai ga ƙafa cikin takalmin roba, sai ga Baba Tobiya yana murza ido, yana duban rumfa da taron jama'a.

"Kai, ofis ɗin babba ne," in ji shi. "Ina Dinatu? Ku gaya masa babansa ya zo." Sai idonsa ya faɗa kan kujerar gaba, fuskarsa ta washe. "A'a! Abokina mai goro! Kai ma nan kake aiki?"

Zaidu ya ɗago kai a hankali, zakara na bisa. Ya dubi Baba Tobiya. Ya juya ya bi inda tsohon ke nunawa. Ga Alhaji Sani zaune, ya harɗe hannuwa a kan sanda.

Madam Cecilia ce ta fara dariya, ta toshe baki da gyale, abin ya fi ƙarfinta. Daga nan rumfa ta ɗauka. Har Liman sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Zaidu ya ja gwiwa zuwa gaban Alhaji. "Baba... yaushe... ai ni na ɗauko ku."

"Haka na ji kana faɗa. Na zo lafiya?"

"Baba, wato, hasken tashar ne ya yi yawa. Ba laifin gilashi ba ne. Gilashin nan, in ido ya saba..."

"Wani tsoho ya ƙwanƙwasa maka a tasha."

"Wani maroƙi ne, Baba, mai nacin tsiya, na kore..." Ya dubi zoben da ke hannun Alhaji.

"Ka ce in je in nemi sana'a," in ji Alhaji. "Shekara arba'in ina fataucin shanu. Wace kake ganin za ta dace da ni?"

Zaidu ya miƙe zumbur, zakara ya tashi sama. "Baba, da gilashin ya sauka da na gan ku! Kuma yana sauka, wallahi yana sauka, ɗan kamawa ya yi. Ku duba!" Ya faɗa kujerar direba, ya kama abin murɗawa da hannu biyu, ya taka ƙofa da ƙafa, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Ji kake tas! Gilashin ya farfashe a cikin ledarsa, ya lanƙwashe, ya sulalo waje ya kwanta a ƙasa kamar fatar akuya. Zaidu ya leƙo ta ramin, abin murɗawar a hannunsa.

"Ga shi ya sauka," in ji Solomon.

Daga cikin zaure aka ji muryar Balaraba. "Baban Khairiyya! Na ce ka kawo min ubana. Uban wa ka kawo min?"

"Uban Dinatu," in ji Baba Tobiya, yana ɗaga hannu don a san shi ne.

Sai da dariya ta lafa Liman ya goge ido, ya ce, "To Alhaji, lokaci ya tafi. An ce mana sunanku za a sa wa yaron. Kun amince, ko a nemi wani?"

Zaidu ya fito daga motar, ya tsuguna a inda yake, ya cire hula.

Alhaji Sani ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo kujerar da ke kusa da shi, ya kaɗe ta, ya ce da Baba Tobiya, "Zo ka zauna nan, abokina. Kai aka ɗauko da girmamawa, kai ne babban baƙo. In an ci an sha, maƙwabcin nan zai kai ka wurin 'yarka, a motar da ake ganin waje."

Ya juya wajen Liman.

"A sa masa sunana, Malam. Yaro bai yi min laifi ba. Amma ga jama'a shaida, ina da sharaɗi guda."

"Muna ji, Alhaji."

"In Allah ya raya shi ya shiga makaranta, kada a kuskura a aiki ubansa ɗauko shi. Ɗan wani zai kawo muku."

Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi salati, aka shafa, yaro ya ci sunan Sani. Mai neman ƙarin bayani sai ya nemi Zaidu, yana nan a bakin motarsa da reza, yana kankara.